Awo Da Ijara: Halin Da Ma'aikatan Sito-Siton Cinikin Intanet Ke Ciki

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako shi ne wata tambaya da wani ɗalibina ɗan kasuwa ya yi mini bayan mun tashi daga karatun safe. Ya ce ƙanensa da ke zaune a Ingila ya ba shi labari cewa a can mutum yana kwance a ɗakinsa da dare zai taɓa wayarsa ya sayi takalmi ko agogo ko littafi, kafin azahar ta gobe an ƙwanƙwasa masa ƙofa da kayan. Sai ya tambaye ni ko irin wannan ciniki ya halatta, tun da mai saye bai ga mai sayarwa ba. Na ce masa wannan mas'ala mai sauƙi ce, za mu zo gare ta. Amma akwai wadda ta fi ta nauyi, wadda shi bai tambaya ba, watau wane ne ya ɗauko takalmin nan cikin dare, kuma a kan wane sharaɗi aka ɗauke shi aiki?

Mafi girman kamfanonin da ke wannan ciniki a ƙasashen Turai da Amurka shi ne Amazon, wanda Jeff Bezos ya kafa a 1994, ya fara da sayar da littattafai. A ƙarshen 2023 ma'aikatansa sun kai kimanin miliyan ɗaya da rabi a duniya, mafi yawansu kuwa leburori ne a sito. In an ce sito kada mai karatu ya kawo wa ransa irin namu na bayan kanti. Gini ne da guda ɗaya kan kai faɗin filin ƙwallo goma, cike da kantoci jeri-jeri, ba taga, fitilu a kunne dare da rana. Aikin an yanka shi gunduwa-gunduwa: wani shi ne mai jera kayan da suka shigo, wani mai tsamo abin da aka saya, wani mai sawa a kwali, wani mai lodi a mota. Kowannensu akwai na'ura a hannunsa ko a gabansa mai karanta lambar da ke jikin kaya. Na'urar nan ita ce ke faɗa masa abin da zai ɗauko, ita ce kuma ke rubuta daƙiƙar da ya ɗauko shi.

A 2013 gidan talabijin na BBC ya sa wani ma'aikacinsa ya ɓad da kama ya shiga aiki a siton kamfanin da ke Swansea a ƙasar Birtaniya. Ya tarar ana so ya tsamo kaya ɗaya a kowace daƙiƙa 33, na'urar tana ƙirga masa daƙiƙoƙin a fuskarta, kuma a dare guda na awa 10 da rabi ya yi tafiyar mil 11 a ƙasa. Kafin wannan da shekara guda, watau a 2012, kamfanin ya sayi wata masana'anta mai suna Kiva a kan dala miliyan 775, wadda ke ƙera wasu injuna masu tafiya da kansu, su shiga ƙarƙashin kanta su ɗauko ta sukutum su kawo wa ma'aikaci inda yake tsaye. Da aka baza su a sababbin sito-sito sai doguwar tafiya ta ragu ƙwarai. Mai jin wannan zai ce to ai an huta. Ina! Da tafiya ta kau sai aka ɗaga adadi. Wanda a da yake tsamo kaya kamar 100 a awa, sai aka koma nemansa da 300 ko fiye, yana tsaye wuri guda, ya sunkuya ya miƙe, ya hau ɗan tsani ya sauko, awa 10.

To, ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin mudu. Kun san ciniki ba ya daɗi sai mai saye da mai sayarwa sun ga abin awo da idonsu, sun kuma yarda da shi. Abin da ke cikin sito-siton nan shi ne an yi wa ɗan Adam mudu, amma an hana shi ganin bakin mudun. Kamfanin da kansa yana cewa ba shi da wani tsayayyen adadi da ya yanka wa kowa, yana dai gwada aikin mutum ne da na abokan aikinsa a wannan sito, waɗanda suka zo can ƙarshe su ake ja wa kunne. Ku dubi wannan magana da kyau. Ma'anarta ita ce in kowa ya ƙara sauri don tsoron zama na ƙarshe, mudun ya ƙara girma ke nan da kansa, kuma ko yaya aka yi sauri dole a sami na ƙarshe. Daɗin daɗawa na'urar tana lissafa duk mintin da hannun mutum bai taɓa kaya ba, ko ruwa ya je sha, ko bayan gida ya zaga, ko kuwa inji ne ya tsaya. A 2019 wasu takardun kamfanin da suka fito fili sun nuna an sallami kimanin mutum 300 a sito ɗaya da ke Baltimore cikin wata 13 saboda rashin cika adadi, kuma kwamfuta ce ke fitar da takardar gargaɗi da ta sallama, ko da yake kamfanin ya ce shugaban sashe yana da ikon tsayar da ita.

A nan ne na tuna da wata mas'ala a babin ijara wadda muka karanta muna samari, muna ganin kamar malamai sun tsawaita a kan ƙaramin abu. Ijara, kamar yadda aka sani, sayar da amfani ce, ko amfanin gida ko na dabba ko na ƙarfin mutum, kuma sharaɗinta shi ne lada ya zama sananne, aikin ma ya zama sananne. Ana iyakance aiki ta ɗayan hanya biyu: ko da lokaci, kamar ka ɗauki mutum ya yi maka ɗinki yini guda, ko da aikin kansa, kamar ka ba shi riga ya ɗinka. To in aka haɗa biyun fa, aka ce ɗinka mini rigar nan a cikin yinin nan? Imamu Abu Hanifa ya ga wannan ijara ta ɓaci. Almajiransa biyu, Abu Yusufa da Muhammadu, sun halatta, suka ɗauki ambaton lokacin a matsayin neman gaggawa kawai. Abin da ya fi inganci a wurin Shafi'awa shi ne ɓaci. A mazhabarmu kuwa Shehu Halilu ya ambaci saɓani a cikin Muhtasar, ko tana ɓaci ne in lokacin da aikin suka yi kai ɗaya, ko kuwa tana ɓaci ko ta halin ƙaƙa. Dalilin masu hanawa shi ne garari. In ya gama kafin rana ta faɗi, sauran yinin na wa ne? In rana ta faɗi bai gama ba, ya cika alkawari ko bai cika ba? Ko ta ina aka juya, an buɗe ƙofar jayayya, kuma a irin wannan jayayya mai ƙarfi ne ke cin nasara.

Ba ina ba da fatawa ba ne cewa ɗaukar aikin mutanen nan ɓatacce ne, domin ladansu na awa ne, ana kuma biyansu ko sun cika adadi ko ba su cika ba, sai a wajen kora ne adadin ke cizo. Abin da nake nunawa shi ne ramin da magabata suka hango tun fiye da shekara dubu, shi ne aka gina wannan tsari a bakinsa. An sayi lokacin mutum, sa'an nan aka koma ana tuhumarsa da aiki, aikin kuma ba a faɗa masa iyakarsa ba. Su malamai a kan riga ɗaya sananniya suka yi saɓani. Ina ga rigar da kullum ake ƙara mata tsawo mai ɗinki bai sani ba?

Abin mamaki, 'yan majalisar jihar Kalifoniya, waɗanda ba su taɓa buɗa littafin fiƙihu ba, a nan suka zo suka tsaya. Dokar da aka sa wa hannu a 2021, ta fara aiki a farkon 2022, ta wajabta wa masu manyan sito su ba kowane ma'aikaci adadin da ake nema daga gare shi a rubuce, ta kuma hana duk adadin da zai hana mutum cin abinci ko hutawa ko zuwa bayan gida. Jihohin Niu Yok da Washinton da Minisota sun bi sahu da irin tasu. A 2024 hukumar ƙwadago ta Kalifoniya ta ci tarar kamfanin dala miliyan 5.9 a kan sito biyu, saboda rashin ba da wannan rubutu. Kamfanin ya musa, ya ce ai ba shi da adadin da zai rubuta. A farkon 2024 kuma hukumar tsare sirrin jama'a ta Faransa ta sanar da tarar yuro miliyan 32 a kansa, ta ce sa idon da na'urorin ke yi ya wuce kima, har suna rubuta wanda ya dakata fiye da minti 10, da wanda ya karanta lambar kaya cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya da kwata ba bayan na baya. Watau jinkiri abin rubutawa ne, gaggawa ma haka. Wannan ma kamfanin bai yarda da shi ba.

Jiki kuwa ba ya ƙarya. Wata cibiyar 'yan jarida masu bincike a Amurka, mai suna Reveal, ta sami takardun cikin gida na sito-sito fiye da 150, ta buga a 2020 cewa a 2019 an sami munanan raunuka kimanin 14,000, watau 7.7 a kowane ma'aikaci 100, kusan ninki biyu na sauran masu irin wannan sana'a, kuma a inda injunan nan suke raunin ya fi yawa da kimanin rabi. Galibinsu ba karaya ba ce ko yankewa. Ciwon baya ne da kafaɗa da wuyan hannu da gwiwa, irin wanda maimaita motsi ɗaya sau dubbai ke haifarwa, wanda ba ya zubar da jini balle a tausaya wa mai shi. A Disamba 2024 wani kwamitin Majalisar Dattijan Amurka ƙarƙashin Sanata Bernie Sanders ya fitar da rahoto cewa binciken kamfanin na cikin gida ya gano dangantaka tsakanin sauri da rauni, aka ba da shawarar sassautawa, manya suka ƙi. Kamfanin ya ce rahoton ya dogara ga tsofaffin takardu, kuma raunuka sun ragu tun daga 2019. Jaridar New York Times kuma ta ruwaito a 2021 cewa kafin annobar korona ma'aikatan awa suna barin aikin da yawan da ya kai kashi 3 cikin 100 a kowane mako. Duk mai shago ya san in yaransa ba sa shekara, to ba daga yaran ba ne kaɗai.

Sai zafi. A 2011 wata jaridar jihar Fensilbaniya ta tona cewa a wani sito da ke can zafin ciki yakan haura digiri 38 a lokacin bazara, ma'aikata suna faɗuwa, abin da aka yi kuwa shi ne aka ajiye motocin asibiti a bakin ƙofa suna jiran wanda za a fito da shi. Ma'aikatan sun ce ba a buɗe manyan ƙofofin lodi iska ta shiga don gudun sata. Na san mutumin Sakkwato zai yi murmushi in ya ji digiri 38, amma ya tuna a rufaffen gini ne, mutum yana sassarfa. Bayan abin ya zama abin kunya kamfanin ya kashe dala miliyan 52 ya sa na'urorin sanyaya wuri. Shekara 13 bayan haka, a 2024, cikin tsananin zafin Indiya, aka ruwaito cewa a siton Manesar da ke jihar Haryana an sa wasu ma'aikata sun yi alkawari ba za su sha ruwa ko su zaga ba sai sun sauke kayan da aka yanka musu. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta shiga maganar, kamfanin ya amsa cewa an yi, ya ce laifin wani shugaba ne shi kaɗai, an kuma hukunta shi.

Hadisan da suka zo a kan biyan ɗan ƙwadago da wuri, da hana ɗora wa na ƙarƙashinka abin da ya fi ƙarfinsa, sanannu ne gare ku, ba sai na maimaita ba. Wanda ya fi dacewa da wannan wuri shi ne hukuncin da malamai suka faɗa cewa lokacin tsarki da na sallolin farilla a toge yake daga lokacin ijara, ko ba a ambata ba wajen ƙulla ta, kuma ba a rage lada saboda shi. 'Yan'uwanmu Somaliyawa da ke jihar Minisota sun sha gwagwarmaya a kan wannan. Kamfanin ya buɗe babban sito a garin Shakopee, ya ɗebi mutanensu da yawa, har da ba su motar da ke kwaso su daga unguwarsu a Minneapolis. Ba a hana su salla ba, a'a. An ce su je su yi. Sai dai adadin awa yana nan yadda yake, saboda haka wanda ya tafi alwala da salla sai ya dawo ya tarar da bashin kaya a kansa, ya biya da ƙarin gudu, in watan azumi ne kuma da busasshen maƙogwaro. Ku duba yadda ake iya matsa wa ibada ba tare da an ce uffan a kanta ba.

Mutanen nan, galibinsu mata, suka haɗa kai a ƙarƙashin wata cibiya mai suna Awood, watau ƙarfi a harshensu. A 2018 suka kai ga abin da ba a saba gani ba a Amurka, shugabannin kamfanin suka zauna da su. Aka tanadi wurin salla, aka kuma yarda cewa ba za a kori mutum a kan adadi ba sai da yardar babban manaja da wani manaja mai jin Somaliyanci. Ba su gamsu ba, domin adadin bai sauka ba. Suka yi zanga-zanga a bakin siton a Disambar 2018 cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, sa'an nan a Yulin 2019 wasunsu suka yi yajin aiki na awa 6 a ranar babbar garaɓasar kamfanin da ake kira Prime Day. Dokar da jihar ta yi a 2023 tana da sawun ƙafarsu. A sauran wurare ƙungiyar ƙwadago ta sha wuya: ta faɗi zaɓe a Bessemer ta jihar Alabama a 2021, ta ci a wani sito na Niu Yok a 2022, ta faɗi da ƙyar a Coventry ta Ingila a 2024.

Akwai wata shari'a da ku ma'aikatan gwamnati za ku so ku ji. Wasu leburorin sito a jihar Nebada sun kai ƙara cewa in sun tashi aiki ana tsare su a layi har kusan minti 25 ana caje su don kada su fita da kaya, ba a kuma biyansu wannan lokaci. A Disambar 2014 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka su tara duka suka ce dokar tarayya ba ta wajabta biya ba, domin caje ba ya cikin ainihin aikin da aka ɗauke su. A fiƙihunmu ma'aikacin da aka keɓe shi ga mutum ɗaya yana cancantar lada ne da miƙa kansa a cikin lokacin, ko an ba shi aiki ko ba a ba shi ba, kuma shi amintacce ne har sai an tabbatar da ha'incinsa. Wanda ya tsare shi a ƙofa don maslahar dukiyarsa, a ganina, shi ya ci lokacin, shi zai biya. Kotun ƙolin jihar Fensilbaniya ma haka ta gani a 2021 bisa dokar jiharta.

Adalci ya wajaba ko a kan wanda ake suka. A 2018 kamfanin ya mai da mafi ƙarancin ladansa a Amurka dala 15 a awa, alhali na dokar tarayya dala 7.25 ne tun 2009, yana kuma biya a kan lokaci, yana ɗaukar wanda ba shi da takardar makaranta, da baƙon da bai iya Turanci ba. Da yawa cikin masu ɗaukar ma'aikata a ƙasashenmu ba za su iya ɗaga kai a gaban wannan ba, musamman masu riƙe albashi wata uku. Amma kyawun lada ba ya halatta ɓoye ma'auni, kamar yadda tsadar farashi ba ta halatta wa mai saye ya zo da mudunsa a cikin riga.

Kada kuma wani ya ce wannan halin ƙasashen da ba na Musulmi ba ne. A Oktoban 2023 ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoto a kan 'yan ƙasar Nefal da ke aiki a sito-siton kamfanin a Saudiyya. Dillalan ɗaukar aiki sun karɓi kuɗi masu yawa a hannunsu, wasu sai da suka ci bashi da ruwa, aka ce musu kamfanin ne zai ɗauke su kai tsaye, da suka isa sai suka tarar suna hannun 'yan kwangila, a masauki mai ƙazanta, in an sallame su kuma ba aiki ba hanyar komawa gida sai sun biya tara. A Fabrairun 2024 kamfanin ya sanar da cewa ya mayar wa mutum fiye da 700 kuɗi dala miliyan 1.9. Ya yi daidai da ya biya. Hujjar da aka saba fakewa da ita a irin wannan, cewa ai ba yarana ba ne, yaran ɗan kwangila ne, mun sha jin ta a bakin sito-sitonmu na nan gida in buhu ya danne ɗan dako, kuma ga shi kamfanin da ya fi kowa lauyoyi bai tsaya a kanta ba.

Game da tambayar ɗalibina kuwa, na ce masa sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa ya halatta a mazhabarmu in siffar ta bayyana, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa in kayan suka saɓa mata, saboda haka cinikin ƙanensa ya inganta, zunubin abin da ke faruwa a sito ba ya kansa. Na dai ce ya gaya masa cewa a wajen biya kamfanin yakan ba da zaɓin jinkirta kawowa ko tara kayan a kawo su rana ɗaya, wanda ba shi da larurar gaggawa babu laifi ya zaɓi wannan. Sai ya yi shiru, can ya ce shi ma yana da yara shida a sitonsa, yana biyansu a wata, amma ranar da tirela ta zo ba mai tashi sai an sauke ta, ko da za a kai sha biyun dare, kuma bai taɓa faɗa musu haka ba ranar da ya ɗauke su. Na ce ya zo da su ran Asabar bayan la'asar, a zauna a rubuta lokacin shiga da na tashi, da abin da za a ƙara musu a daren tirela.